Gwajin Glenys

Shekara goma sha huɗu a jere Glenys Hartwig take ɗauke shuɗin ƙyalle, lambar wadda ta zo ta ɗaya, a baje kolin garin Burrandoo, ɓangaren bargon faci, kuma babu shekarar da ta bari mutane suka manta. Ƙyallayen suna jere a bangon ɗakin ɗinkinta, daidai inda idon baƙo zai sauka kafin ya sami wurin zama. Ƙarƙashinsu keken ɗinkin yake, irin mai dogon hannun nan da ke gudu a kan dogo mai tsawon mita huɗu, a ɗaure bargo tamau a ƙarƙashinsa, a kama mariƙansa biyu a yi ta tuƙa shi, allura tana zana ganye da reshe a kan yadin. Tuƙin kam Glenys ta iya, ko maƙiyinta ba zai musa ba. Bakinta ne ya haɗa ta da mutane.

Duk wadda ta sa wa kekenta kwamfuta, a wurin Glenys ba mai ɗinki ba ce, mai danna maɓalli ce, kuma haka take kiran su ko a coci. Ta ce bargon inji ba shi da rai, ko kare aka shimfiɗa wa sai ya tashi ya koma kan siminti.

Shekara tara da suka wuce aka yi abin da ya ɗaure mata gindi. Wata Noelene Prowse, matar mai gyaran famfo, wadda ba ta fi shekara uku da fara ɗinki ba, ta shigo da bargon da ya sa alƙaliyar gasa ta cire tabarau ta goge ta mayar. Aka maƙala masa shuɗin ƙyalle. Glenys ta zagaya shi sau uku, ta nufi rumfar shayi ta yago takardar gasa kek, irin mai shara-sharan nan da ake hango zane ta cikinta, ta ɗora a kan fure ɗaya ta bi shi da fensir, sannan ta matsar da takardar kan furen da ke kusa. Ya hau daidai. Ta matsar kan na uku, nan ma haka. Sai ta juyo ta faɗa a gaban kowa cewa hannun ɗan Adam ba ya maimaita kansa, wannan aikin kwamfuta ne. Noelene ta rantse, ta yi kuka, ta ce wata bakwai ta yi tana bin zanen alli a hankali, amma wa zai saurare ta? Aka sa ta cire ƙyallen da hannunta aka miƙa wa Glenys. Bayan wata shida aka ji Noelene ta zama wakiliyar wani kamfanin kwamfutar keke a yankin, gari kuwa ya ce ai ga shi nan, dama mun faɗa. Tun daga lokacin ake ajiye naɗin takardar a akwatin alƙalai. Gwajin Glenys ake ce masa, yana cikin dokokin gasa a shafi na biyu, kuma ita ta rubuta shafin.

To, a watan Afirilun bana kafaɗarta ta dama ta ce ba ta san zancen ba. Da farko ta ce sanyi ne, sannan ta ce katifa ce. Da ta kasa sauke tukunya daga kanta, sai mijinta Des ya sa ta a mota ya kai ta wurin likita a Horsham. Likitan ya duba hoto ya ce jijiyar ta siɗe, in ta ci gaba da tura ƙarfen nan fiye da minti ashirin a rana, nan da Kirsimeti ko butar shayi sai an ɗaga mata. Bargon gasa kuwa awa arba'in yake ci, in ma an yi sa'a.

A hanyar dawowa, da suka wuce rumbunan alkama, ta gaya wa Des abin da ke damunta. Tsoro take ji, ba na ciwon ba, na ranar da za a rataye bargunan Oktoba babu nata, matan ƙungiyarsu ta masu ɗinki su riƙa dafa ta suna cewa sannu. Des, wanda ya yi shekara arba'in yana noman alkama, kuma tun tuni taraktarsa take tuƙa kanta da tauraron ɗan Adam yana zaune a ciki yana cin sanwic, ya ce mata shi dai bai taɓa jin mai sayen alkama ya tambayi wanda ya riƙe sitiyari ba.

"Alkama ake ci, Des. Bargo kallonsa ake yi."

"To ki saya masa direba, tsohuwa, ki huta."

Ta ce ya kula da hanya. Amma maganar ta kwana da ita, ta kuma tashi da ita.

A watan Yuni ta gaya wa matan ƙungiya za ta je Geelong duba ƙanwarta, ta wuce Melbourne wurin babbar kasuwar masu ɗinki. Ta shiga zauren da malafa da baƙin tabarau, a tsakiyar hunturu, don a ƙasarsu Yuni lokacin sanyi ne, kuma a cikin gini, wai kada a gane ta. Babu wanda ya san ta a garin, amma saboda shigar kowa sai da ya waiwayo.

Rumfa uku ke sayar da abin da take nema. Duka dai dabarar ɗaya ce, a ɗaura wa keken ƙananan injuna da bel, a kafa masa allo a ka, mutum ya zaɓi zane ya danna, keken ya kama hanya shi kaɗai. A rumfar farko wani mutum mai jan gemu ya dinga zuba mata bayani, zane dubu biyu a cikin allon, garanti shekara uku, ana cire bel a koma tuƙin hannu cikin minti ɗaya. Glenys ta bari ya gaji, sannan ta sunkuyo ta rage murya ta tambaye shi ko injin yana kuskure. Mutumin ya dafe ƙirji kamar ta zagi uwarsa, ya ce Madam, ko kaurin zare ba ya kaucewa. Ta ce to ba nata ba ne, ta wuce, ta bar shi da baki buɗe.

Na rumfa ta biyu shi ne mai kyau, ita ma ta gani. Allonsa babba ne, rubutun mutum zai karanta ba tabarau, tafiyarsa sumul, ga shi an yi shi daidai da irin kekenta. Matar da ke wurin ta ƙara da cewa ba ta da matsalar koyo, domin suna da wakiliya a yankin alkama, mace mai haƙuri, ita za ta zo har gida ta ɗaura ta kuma koyar. Ta juya takarda ta nuna mata hoto. Noelene Prowse ce take murmushi a ciki, da rigar kamfani. Glenys ta ajiye takardar a kife ta ce za ta yi shawara.

Rumfa ta uku tana can lungu kusa da banɗaki. Allon ƙarami ne, littafin bayanin ya kai kaurin bulo, wakilinsu mafi kusa yana Brisbane, kuɗin kuwa ya isa a sayi ƙaramar mota. Mai rumfar, wani dattijo mai tauna alewa, bai ma tashi ba. Sai da ta yi masa tambayarta ta kuskure ya ɗago ya ce injin dai ba ya yi, amma yana haddace na mutum. Ka kama mariƙan ka zana abinka sau ɗaya, shi kuma ya riƙe, ya maimaita maka sau ɗari, har da rawar hannunka. Yana iya juya zanen, yana iya kifa shi kamar a madubi.

Glenys ba ta tambayi garanti ba, ba ta tambayi wanda zai gyara in ya lalace ba. Ta tambaya dai ko akwatin da za a aiko yana da rubutu a jiki.

Akwatin ya iso da rubutu gari guda. Des ya gaya wa direban motar cewa kayan famfon rijiya ne, direban ya ce to, famfo mai hoton bargo. Kwana huɗu Des yana kwance a ƙarƙashin dogon da sukurdireba a baki yana zagin mutanen Brisbane, ita kuma ta ɗinka wa tagogin ɗakin labule mai kauri, ta gaya wa maƙwabciyarta rana ce ke cinye mata launin yadi.

Kada a ce Glenys wawuya ce. Ita ta ƙirƙiro gwajin, ta san inda yake da rami. Alƙali yana kwafe zane ɗaya ne ya gwada shi da na kusa, in ya yi nisa ya gwada da na kusurwa, takardar kuma a miƙe yake riƙe ta. Bargonta gida talatin da shida ne, kowane gida da zoben ganyaye a ciki. Sai ta zana zobe tara daban-daban da hannunta, ɗaya a rana, minti ashirin-ashirin kamar yadda likita ya ce, injin yana haddacewa. Kowane zobe zai fito sau huɗu, a juye, a kife, nesa da ɗan'uwansa. Ta zana taswirar a bayan kalanda, ta yi ta dubawa har ta tabbata babu biyu masu kama da suka yi maƙwabtaka.

Ranar zobe na bakwai, tana tsakiyar ganye, ƙuda ya sauka mata a leɓe. Ta fizge kai, hannu ya bi, allura ta yi wata 'yar ƙugiya a bakin ganyen, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Des ya ce ta goge ta sake mana, ai maɓalli ɗaya ne. Ta kalli ƙugiyar, ta yi murmushi irin na wadda ta tsinci abu, ta ce a bar ta. Wace kwamfuta ce ƙuda yake damu? Wannan ita ce shaidarta.

Ranar da ta fara danna maɓallin, abin bai yi mata daɗi yadda ta zata ba. Mariƙan suka kama motsi babu kowa a bayansu, suna lanƙwasa inda take lanƙwasawa, suna ɗan jinkiri a inda take jinkiri. Hannunta ne sak yake aiki, ita kuma tana tsaye a gefe da kofin shayi kamar baƙuwa. Kunya ta kama ta, har ta juya wa ƙyallayen bango baya. Amma da yamma ta yi, kafaɗar ba ta yi mata zugi ba, ta ci abinci da hannun dama, kunyar kuma ta ragu da rabi. Kafin mako ya ƙare ta koyi barin injin yana aiki ta je ta shanya wanki.

A taron ƙungiya na watan Satumba wata ta ce ta ji an ce kwamfutocin nan sun yi sauƙi yanzu. Glenys ta ce haka ne, abincin gwangwani ma ya yi sauƙi. Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Baje kolin ya faɗo Asabar ta biyu a Oktoba. Tumaki suna kuka a bayan fili, ana gasar saran itace a gaba, babban zauren katako kuwa ya cika da kwalaben jam da kabewa da barguna rataye a kan waya tun daga kusa da rufi. Alƙaliyar bana daga Ballarat aka ɗauko ta. Ta bi doka, ta yago takarda ta kwafe zobe ɗaya a bargon Glenys, ta gwada da na dama, bai hau ba, ta gwada da na ƙasa da na kusurwa, ko kusa. Har ƙugiyar ta gani, ta rubuta a katin cewa a nan ake gane hannu mai rai. Wani dogon ɗan kwamiti ya maƙala shuɗin ƙyallen can sama a kusurwar bargon, inda za a hango shi tun daga ƙofa.

Na goma sha biyar ke nan. Glenys ta tsaya a gabansa cikin rigarta mai ruwan toka tana karɓar barka, tana cewa ai ba komai, haƙuri ne kawai da kafaɗa. Des ya ji wannan ya fita kallon tumaki.

Wajen ƙarfe uku rana ta karkato ta shigo ta tagar yamma, ta kwanta a kan bargunan daga gefe, kowane ɗinki ya fito da inuwarsa. Mutane sun ragu, sun tafi kallon tseren karnukan kiwo. Noelene Prowse, wadda tun safe take rumfar shayi tana yanka sikon, wato ɗan burodin shan shayi, tana shafa jam, ta fito da faranti a hannu ta tsaya nesa da bargon, can baya, inda ake ganinsa gaba ɗaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta zare takardar da ke ƙarƙashin sikon ɗin, wadda maiƙo ya sa ta zama garau, ta ciro fensirin da take rubuta odar shayi daga bayan kunne, ta matso.

Glenys tana kallo ta kwafe zoben mai ƙugiya. Ba ta damu ba, ta san na kusa ba zai hau ba. Amma Noelene ba ta ko kalli na kusa ba. Ta tsallake gida uku, ta sauka layi biyu, ta kifa takardar ta bayanta, ta juya ta rabi, ta ɗora. Ganye ya hau kan ganye, ƙugiya ta hau kan ƙugiya. Alƙaliyar Ballarat ba za ta taɓa tunanin kifa takarda ba, sai wadda ta yi shekara tara tana koya wa mata maɓallin madubi.

"Ƙuda ne ko atishawa?" Noelene ta tambaya, ba ta ɗaga murya ba.

Glenys ta kau da kai daga takardar. Ta ce ba ta gane ba.

"Sau huɗu ya sauka miki a wuri ɗaya, Glenys. Ga ɗaya can sama, ga wani a ƙasa ta hagu. Na mutanen Brisbane kika saya ko? Bel ɗinki na baya ya saki, ga alamar a lanƙwasa. Da kin sayi namu da na zo na ɗaure miki."

Glenys ta waiwaya. Mata biyu ne kawai a kusa, suna gardama a kan kabewa. Ta matso ta kama hannun rigar Noelene, ita da ko gaisuwar kirki ba ta yi mata ba shekara tara, ta soma magana da sauri. Ta ce kafaɗa ce, likita ne ya hana ta, zanen ai nata ne, da hannunta ta yi kowane zobe, injin maimaitawa kawai ya yi. Ta ce Noelene ai ta fi kowa sanin yadda abin yake, su biyun yanzu ai ɗaya suke.

Noelene ta zare rigarta a hankali.

"Ba ɗaya muke ba. Wancan bargon da hannuna na yi shi. Wata bakwai, da alli da ma'auni, fure ɗaya kwana uku. Ban taɓa taɓa kwamfuta ba sai bayan kin ba ni sunan, na ce tunda na sha dukan bari in ci abin."

Abin da ya fi ƙona Glenys shi ne ta yarda nan take, domin tun a waccan ranar, tana riƙe da fensir, wani gefe na zuciyarta ya san haka ne. Hannun matar ya fi nata, shi ke nan abin da takardar ta nuna.

Noelene ta naɗe takardar gida huɗu ta sa a aljihun gaban rigarta. Ta tuna mata da shafi na biyu, sakin layi na ƙarshe, inda aka ce kowace 'yar ƙungiya tana iya neman a sake gwaji kafin a raba kofi. Ƙarfe huɗu ake raba kofi. In ƙyallen yana nan a lokacin, za ta nema, a lasifika. In kuwa mai shi ta cire da kanta ta mayar wa kwamiti, to, ita ba ta ga komai ba, sai Glenys ta san abin da za ta gaya wa mutane.

Agogon zauren ya nuna huɗu saura kwata. An gama tseren karnuka, mutane sun fara dawowa da 'ya'yansu da alewar auduga, ana jera kujeru a gaban dandamali. Glenys ta tsaya a gindin bargon ta ɗaga kai. Ƙyallen yana can sama inda dogon mutumin ya maƙala shi. Ta miƙa hannun dama, ya tashi zuwa daidai kunnenta ya tsaya, zafi ya tsarga mata har wuya. Ta gwada na hagu, ta yi ɗage, yatsunta suka shafi jelar ƙyallen, allurar da ta riƙe shi kuwa tana sama da nan da taƙi guda. Ta nemi Des da ido, yana wurin tumaki.

"Noelene," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Hannuna ba ya kaiwa. Don Allah."

Noelene ta fi ta tsawo, miƙa hannu kawai za ta yi. Ta ɗauki sikon ɗaya daga farantin ta gutsura, ta tauna sai da ta haɗiye.

"Nawa ni na cire, kina tsaye kina kallo. Ga kujera can."

Kujerar ta ƙarfe ce, mai nauyi, da hannu ɗaya ba ta ɗaguwa. Glenys ta kama bayanta da hagu ta soma ja. Ƙafafun suka dinga ƙara a kan katakon zauren, tun daga dandamali har gindin bargon, duk wanda ke ciki ya bar abin da yake yi ya juyo ya ga ina gwanar Burrandoo za ta da kujera.